Haƙorin ya daina ciwo, sai kai da wuya suka ɗauka

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke wannan zaure. Mako uku da suka wuce turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, na biyu daga can ƙarshe, ya tasa ni gaba. Dama yana da kogo tun ina goyon Ilham, nama na maƙalewa ina sakacewa da tsinke. Kwana uku ban runtsa ba, kuncina ya kumbura har mayafi nake ja in rufe idan masu karɓar ɗinki suka shigo. Maigidan ya je kemis aka haɗo min Amoksilin da Flagyl da maganin zugi. Na sha kwana huɗu. A na biyar na wayi gari da wani ruwa mai wari da gishiri-gishiri a bakina, kumburin ya sace, ciwon ya ɗauke ɗif. Na gode wa Allah na ajiye sauran maganin.

To yau kwana tara ke nan kaina ke ciwo, ɓarin hagu kaɗai, daga gefen ido ya bi ta kunne ya sauka ƙeya. Wuyana ma ta wannan gefen ya riƙe, in zan waiwaya kamar ana jan igiya. Sannan akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa a ƙasan muƙamuƙi, in na taɓa da zafi. Shi haƙorin kuwa shiru, ko ruwan ƙanƙara na sha ba ya motsawa. Shin akwai alaƙa, ko wani ciwon ne daban ya same ni?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah ya sa kaffara ne. Wannan ƙullin kaluluwa ce, ba abin tsoro ba ne. Ki jiƙa tsumma a ruwan zafi ki riƙa gasa wurin safe da yamma, ki kuma sa kanumfari a kogon. Mu da shi muka tashi.

Abban Khalil: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne kai da wuya a tare, ga kuma zafin da ake yi yanzu. Wanda ya ga 1996 ba ya wasa da riƙewar wuya. A shekarar nan sanƙarau ya kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ya kashe fiye da dubu 11, akasarinsu a nan Arewa. Ina aji uku a sakandare lokacin, a layinmu kaɗai gida uku aka yi zaman makoki. Maman Ilham ki manta da batun haƙori, ki je a duba ki yau.

Anti Nas: Malam, gaskiyarka ne a yi hattara, amma bari in yi mata tambayoyi kafin mu firgita ta. Maman Ilham, akwai zazzaɓi? Kina amai? Hasken rana ko na waya yana damun idonki? Gwada sunkuyar da kai ki taɓa ƙirji da haɓarki, kina iyawa? Sannan jera yatsunki uku ki sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, suna shiga? Kina haɗiyar abinci da yawu lafiya?

Maman Ilham: Anti, ba amai, haske ba ya damuna. Jikina kan yi ɗumi-ɗumi da yamma amma bai kai in kwanta ba. Haɓata tana taɓa ƙirji, waiwaye ne dai ke min wuya. Yatsu biyu suna shiga sosai, na ukun sai na matsa, kuma sai in ji gefen kunne ya ɗaure. Haɗiya lafiya lau.

Anti Nas: Alhamdulillah. Sanƙarau ba ya yi wa mutum kwana tara yana zaune a kan keken ɗinki. Shi cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu yake kayar da mutum, da zazzaɓi mai zafi, kuma sunkuyawa ce ke gagara. Abin da kika faɗa ya fi kama da na haƙorin. Amma ɗumin jikin nan na yamma da bakin da bai buɗuwa sosai ba su kwanta min ba. Bari Dakta ya shigo, fanninsa ne. Kafin nan ki auna jininki ko a kemis ne, don na sha ganin mata suna ɗora ciwon ƙeya a kan haƙori ko gajiya, a auna a ga ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba.

Likitan Haƙori: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga an kira ni. Maman Ilham sannu. Ba zan iya yanke hukunci ban ga bakin ba, amma labarinki irin wanda muke ji kullum ne, don haka zan ɗan tsawaita.

Abu na farko, kuma shi ne ya fi damuna: shirun da haƙorin ya yi ba warkewa ba ne. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Idan kogo ya ci ya kai can, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya kumbura a cikin ƙashin da ba ya buɗawa, shi ne zugin da ya hana ki barci. Daga nan jijiyar sai ta mutu. Shi ya sa ruwan ƙanƙara ba ya motsa ki, babu mai jin sanyin ne. Ƙwayoyin cutar kuma su bi ta tushen su sauka cikin ƙashin muƙamuƙi su tara mugunya. Ruwan nan mai wari da kika ji da safe mugunyar ce ta samu hanya ta fashe ta dasashi. Da ta fita matsin ya ragu, ciwon ya lafa. In kika duba da madubi wataƙila za ki ga wani ɗan ƙurji a dasashin kusa da haƙorin, yana fitowa yana komawa. Masomin cutar na nan cikin haƙorin. Maganin da kika sha ba ya isa can, domin jini ne ke kai magani wuri, mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga cikinsa.

Yadda ciwon ke kaiwa kai da wuya kuma ba ta hanya ɗaya ba ce. Haƙora duka, da muƙamuƙi, da goshi, da gefen ido, da wani sashe na kunne, jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙonsu, ita ce ta biyar cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, mai rassa uku. Tashar da take sauke saƙo ta miƙo har saman laka, inda jijiyoyin ƙeya da saman wuya su ma suke saukewa. Saboda haka ƙwaƙwalwa kan rikice ta kasa gane daga ina ƙarar ta taso. Turmin ƙasa ne ke ciwo, mutum ya ji a kunne ko ƙeya. Na sha karɓar mutanen da suka yi ta ɗiga maganin kunne wata guda, kunnen lafiyarsa ƙalau.

Ƙullin da kika taɓa, Hajiya Babba ta faɗi daidai, kaluluwa ce. Matata ce da ke tare ƙwayoyin cutar da suka taso daga haƙoran ƙasa. Takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta sace bayan an kawar da cutar, amma in masomin na nan ba za ta sace ba.

Sai tsokar tauna. Mako uku kina tauna da gefe ɗaya, kina cije baki saboda zafi, wataƙila har cikin barci. Akwai tsoka mai faɗi kamar mafici a gefen kai sama da kunne, da wata mai kauri a kunci. Sa yatsa a gefen goshinki ki cije haƙora za ki ji ta tashi. In suka gaji suka ɗaure, ciwon kai ne sosai, kuma tsokar wuya kan bi sahu. Ƙara da sunkuyon ɗinki da rashin barcin da kika yi.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wanda ba ma so shi ne mugunyar ta samu hanya ta ciki ta gangara ƙarƙashin harshe da wuya. Ɗumin jikinki da bakin da ya fara ƙin buɗuwa su ne dalilin da ya sa nake cewa ki je gobe, kada ki bari sai an gama ɗinkin biki.

Hajiya Babba: Dakta, to gashin da kanumfarin fa? Kada in zama na ba ta gurguwar shawara.

Likitan Haƙori: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kanumfari magani ne na gaske, man da ke cikinsa yana kashe zafi, mu kanmu akwai kayan cikon da muke amfani da su masu ɗauke da shi, shi ne ƙamshin da ake ji a ɗakin likitan haƙori. Sai dai zafi yake kashewa, ba ya kashe cutar da ke ƙarƙashin tushe. Gashi kuma yana da kyau ga tsokar da ta ɗaure bayan an tabbatar ba mugunya. Amma kuncin da ya kumbura da mugunya ba ma son a gasa shi ta waje. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, a riƙa kurkure baki, wannan ba laifi.

Malam na Zariya: Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Ƙanena ne, magini, ƙato mai ƙarfi. Turminsa na ƙasa ya yi irin haka, ya sha magani ya lafa, ya dawo, ya sha ya lafa, kusan wata biyar. Wata Alhamis ya ce min wuyansa na ciwo, na ce ya sha Panadol. Juma'a bayan masallaci na leƙa shi na tarar ƙarƙashin haɓarsa ya cika gefe da gefe. Na taɓa, ba laushi irin na ƙurji, tauri ne kamar katako. Yana zaune a bakin katifa ya dafa gwiwoyi, ya miƙo wuya gaba, yawu na zuba a kan rigarsa don ba ya iya haɗiyewa. Harshensa ya ɗago ya manne sama, magana kamar wanda ya cika baki da dankali mai zafi. Matarsa ta ce tun dare ya ƙi kwanciya, in ya kwanta numfashi ke ɗaukewa.

Muka sa shi a mota zuwa asibitin koyarwa na Shika. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri, a daren suka shiga da shi tiyata. Sai da suka huda maƙogwaronsa suka sa bututun numfashi, suka tsaga ƙarƙashin haɓa wuri uku suka sa robobi mugunya na fita, suka cire haƙorin. Kwana 16 muka yi. A can ne aka gano yana da ciwon suga, shi bai sani ba, mu ba mu sani ba. Yana raye, yana aikinsa, tabon na nan a wuyansa. Har yau in na tuna ni ne na ce ya sha Panadol sai gabana ya faɗi. 'Yar uwa ki je.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam jikina ya yi sanyi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Likitan Haƙori: Amin. Abin da ya samu ƙanen Malam sunansa ciwon Ludwig, wani likita Bajamushe mai wannan suna ne ya bayyana shi a 1836. Turame biyu na ƙarshe a ƙasa su suka fi kawo shi, domin tushensu ya zarce shimfiɗar tsokar da ke ƙarƙashin harshe, mugunya in ta huda ƙashin ta ciki sai ta faɗa wuya kai tsaye. Masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Akwai kuma wani da ba a cika gani ba, wanda likita Lemierre na Faransa ya yi bayaninsa a 1936: cutar ta shiga babbar jijiyar jinin wuya jini ya daskare a ciki, gefen wuya ya yi ciwo, ga zazzaɓi mai karkarwa. Ya fi biyo bayan ciwon maƙogwaro, amma haƙori ma na kawo shi. Wani lokacin har ƙwaƙwalwa cutar kan kai. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland ta Amurka ya rasu ta haka, daga ruɓaɓɓen haƙori guda.

Don haka duk wanda ya yi ciwon haƙori ya ga kumburi na gangarawa wuya, ko haɗiya ta gagara, ko murya ta sauya, ko numfashi na wahala, ko baki ya ƙi ɗaukar yatsu biyu, ko ido ya kumbura yana ganin abu bibbiyu, ko ciwon kai mai tsanani da amai da ruɗewa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Ɗakin gaggawa na babban asibiti za a nufa ko ƙarfe biyun dare ne.

Mai Kemis: Ina bin maganar tun ɗazu, kuma na san inda za ta ƙare, a ce laifin masu kemis ne. Dakta ka yi mana adalci. Mutum ya zo maka ƙarfe goma na dare yana riƙe da kunci hawaye na zuba, a aljihunsa abin da bai kai kuɗin mota zuwa asibiti ba. In ce masa me? A ƙaramar hukumarmu ban san likitan haƙori ko ɗaya ba, sai an shiga birni, a yanki kati, a ba ka rana. Ni duk wanda na ba magani sai na ce masa wannan na kwantar da ciwo ne, ka je a duba. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke zuwa. Da ciwon ya lafa shi ke nan. Ita ma baiwar Allah ga shi da bakinta ta ce ta ajiye maganin a kwana huɗu.

Likitan Haƙori: Alhaji ban ɗora maka laifi ba, kuma ƙarancinmu a karkara gaskiya ne, abin kunya ne ma. Maganin zugi da dare taimako ne. Inda muka rabu shi ne antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Amoksilin da Flagyl. Mafi yawan ciwon haƙori ba ya bukatarsa sam, aiki yake bukata, a cire ko a wanke tushen a cike. In aka ba shi sai ya danne alamun ya bar cutar, mutum ya zagayo sau uku sau huɗu kamar ƙanen Malam, ranar da abin ya yi tsanani kuma maganin ya daina kama ƙwayoyin. Kai mutanen unguwa suke jin maganarka fiye da tamu. In ka ce wa mutum "ba zan sake ba ka wannan ba sai ka kawo min takardar likita", wallahi zai je.

Mai Kemis: Zai je kemis na gaba dai. Amma na ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Batun yatsu biyu da tauri a ƙarƙashin haɓa ban san shi ba sai yau, zan riƙa dubawa.

'Yar Gusau: Ni tambayata ga Maman Ilham ita ce, maganin zugin har yanzu kina sha? Don ni abin da ya same ni ke nan. An cire min haƙori lafiya, amma na saba da haɗiyar ƙwaya kullum tun lokacin ciwon. Da na farka kai na sarawa sai in sha biyu, azahar in ƙara. Wata uku ina haka. Na yi hoton kai ba a ga komai ba. Wata likita ce ta zaunar da ni ta ƙirga, ta ce maganin ne da kansa ke kawo ciwon kan. Ta ce mai shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin Tramol kwana 10, in ya ɗore a haka watanni, kai kan saba, da maganin ya sake shi sai ya sara. Da na daina na sha wuya kusan mako biyu, daga nan ya washe.

Maman Ilham: Ina sha Yaya, safe da dare, wani lokacin har sau uku. Wani ja ne mai kamar ƙwai.

Anti Nas: Naki bai daɗe haka ba tukuna, amma ki kula. Ki tafi da kwalin asibiti su gani. In dangin ibuprofen ne kada ki sha da yunwa, yana tayar da gyambon ciki, yana kuma iya ɗaga jini. Farasitamol kuma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, a kuma lura wasu magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Flagyl ɗin da kika sha shi ma yakan sa ciwon kai da ɗacin baki kamar an tsotsi ƙarfe, sai dai wannan kan wuce in an daina.

Ummu Yasir: Nawa na sama ne, ko zai amfani wani. Shekara guda ina fama da ciwon kai a goshi da ƙarƙashin ido na dama. In na yi sujada sai in ji kamar an zuba min ruwa a kuncin, nauyi ya taru. Hancin dama kaɗai ke toshewa, majina mai wari na gangarowa ta maƙogwaro, ni kaɗai nake jin warin. Aka yi ta ba ni maganin mura da na sanyi. Likitan hanci ne ya ce mura ba ta zaɓar hanci ɗaya shekara guda, ya tura ni hoton haƙori. Ashe wani tsohon turmi da aka yi wa ciko tun ina budurwa ne ya ruɓe ta ƙasa, tushensa na taɓa kogon iskar da ke cikin ƙashin kunci, mugunya ta huda ta shiga. Haƙorin bai taɓa yi min ciwo ba ko sau ɗaya. Da aka yi aikinsa hancin ya buɗe.

Baban Nana, Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Wajenmu ana cewa in an cire haƙorin bisa ido na lalacewa, shi ya sa mutane da yawa ba su yarda a taɓa musu. Kuma ana cewa ba a cire haƙori yana kumbure. Lokotoro, mene ne gaskiyar waɗannan? Uwargidana na da irin matsalar Ummu Yasir amma ta ƙi tahiya likita saboda tsoron ido.

Likitan Haƙori: Wa alaikumus salam Alhaji, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Jijiyar gani daban take, daga bayan ido ta wuce ƙwaƙwalwa, ba ta haɗa hanya da tushen haƙori ba. Cirewa ba ta makantar da mutum. Barin ruɓaɓɓen haƙorin sama ne ke iya kai cuta ga ido, musamman fiƙa, don tushenta dogo ne ya nufi gefen hanci, in ta yi mugunya har fatar ido kan kumbura ta rufe. Ina jin daga nan maganar ta samo asali: mutum ya jinkirta har ido ya kumbura, a cire a makare, sai a ce cirewar ce.

Batun kumburi kuma, ba doka ba ce. Sau da yawa cire haƙorin shi ne hanyar fitar mugunyar. Wani lokacin dai allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a wurin da ya yi mugunya, ko bakin ya ƙi buɗuwa, sai mu fara tsagawa mu ba da magani a dawo bayan kwana kaɗan. Likitan ne zai zaɓa bayan ya gani, ba a zauna gida ana jiran ya sace ba. Ka lallashi Hajiya ku je.

Ɗan Tasha: Maman Ilham in an cire miki ki bi dokar da za su ba ki. Ni direba ne, aka cire min da safe, aka ce kar in sha taba kar in kurkure baki sai gobe. Kafin in kai Wudil na kunna sigari, na tsaya na kurkure da ruwan leda don jinin na damuna. Kwana biyu lafiya. A na uku wani ciwo ya taso daga ramin ya harbi kunne da rabin kai har wuya, ya fi na haƙorin sau goma, ga wari. Na koma suka ce gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Suka wanke suka cusa wani abu mai ƙamshin kanumfari, kafin in fito daga ɗakin na ji sauƙi. Taba kuwa sai da na yi mako ban taɓa ta ba.

Abban Khalil: Na karɓi gyara kan sanƙarau, Anti Nas na gode. Amma dai mun haɗu a kan ta je asibiti.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan labarin ƙanen Malam, ya ce da asuba za mu fita.

*Bayan kwana biyu*

Maman Ilham: Salamu alaikum. Na zo in ba ku labari. Mun je, aka auna jinina 128 bisa 82, suga ma lafiya. Likitar ta ƙwanƙwasa haƙorin da bayan wani ƙarfe, sai da na zabura, ni da nake cewa ya warke. Ta nuna min ɗan ƙurjin a madubi, yana nan a dasashi daidai yadda Dakta ya ce, ta danna mugunya ta fito. A hoton kuma akwai wani baƙin da'ira a ƙasan tushen kamar ƙwayar wake, ta ce nan ne ƙashin ya cinye. Ta danna gefen kaina da kuncina, wallahi ciwon kan nan nawa sak ya taso. Ta ce biyu ne suka haɗu, cutar da ke ƙasa da kuma tsokar da ta ɗaure. Wuyan ta duba sosai ta ce bai gangara ba, kaluluwa ce kawai.

Ta ba ni zaɓi, a wanke tushen a yi zuwa biyu ko uku sannan a sa masa hula, ko a cire. Ta ce bangon haƙorin ya karye da yawa, ko an wanke ba lallai ya daɗe ba. Na ce a cire. Ban ji zafi ba sai dannawa da ƙara. Ta ba ni magani na kwana biyar ta ce in shanye duka. Ɗan Tasha ban kurkure ba sai da aka kwana.

Malam na Zariya: Alhamdulillah. Wallahi tun shekaranjiya nake leƙowa in ga ko kin yi magana.

Hajiya Babba: Barka ɗiyata. Ki sha kunu da fate, ki bar ƙanzo da rake tukuna.

*Bayan kwana goma sha ɗaya*

Maman Ilham: Ɗumin yamma ya tafi tun kwana na biyu. Yatsu uku suna shiga yanzu ba matsi. Kaluluwar ta ragu ta koma kamar ƙwayar gero, ba zafi. Ciwon kan ya tafi da safe gaba ɗaya, sai dai in na daɗe a kan keke yakan ɗan taso ta ƙeya wajen la'asar. Dakta ko in koma?

Likitan Haƙori: Madalla. Wannan na la'asar ya fi kama da na tsoka. Yanzu kam gashin Hajiya Babba ya halatta, ki gasa gefen kai da wuya da tsumma mai ɗumi, ki riƙa miƙewa daga keken duk bayan rabin awa, ki bar cingam, ki fara tauna da gefe biyu a hankali. Ki lura ko kina cije haƙora lokacin da kike zare ido a kan allura, masu ɗinki da yawa suna yi ba su sani ba. In ya kai mako uku bai tafi ba, ko leɓenki na ƙasa ya yi dindiris, ko ramin ya dawo da fitar da ruwa, ko kaluluwar ta sake girma, ki koma a sake hoto. Ranar da suka ba ki ta dawowa ma kada ki tsallake ta, a duba sauran turamen.

Baban Nana, Maraɗi: Lokotoro, uwargida ta yarda, Litinin za mu tahi. Tana tambaya ko za ta ci abinci kahin a cire, kuma tana shan maganin hawan jini, ta sha da sahe ko ta bari?

Likitan Haƙori: Ta karya sosai, kada ta je da yunwa. Maganin hawan jinin ta sha kamar kullum. Ku tafi da kwalayen duk abin da take sha, in akwai asfirin ko wani mai tsinka jini ku faɗa musu tun kafin ta hau kujera.